Zuwa Ga Taubashina Na Maraɗi, Mai Haɗiye Haruffa

Kai ɗan kawu, bawana, an ce har yanzu da ka ga taro sai ka murɗe baki ka tura magana ta hanci, wai kai ga mai Faransanci. Zauna in ba ka asalin abin taƙamar taka.

Faransanci da Italiyanci da Sifaniyanci duk uwarsu ɗaya, Latin. Rumawa ne suka kai ta ƙasar Gaul, wato Faransa ta yanzu, bayan Julius Kaisar ya ci ta da yaƙi, wajen shekara 50 kafin haihuwar Annabi Isa. Sauran 'ya'yan sun adana gado, naku ya cinye rabonsa. Ruwa a Latin aqua ne. Ba'italiye ya ce acqua, Basifaniye ya ce agua. Mutuminka fa? Ya rubuta eau, ya wangale baki ya ce "o". Watan Agusta, wanda ko mu Hausawa muka bar masa gaɓoɓinsa uku, wajenku saura "ut", wasu ma "u" kawai. Yunwa ce?

Masana na ɗora wani kaso na laifin a kan Farankawa, ƙabilar Jamusawan da Clovis ya jagoranta suka mamaye arewacin Gaul a ƙarshen ƙarni na 5. Su danna gaɓa ɗaya da ƙarfi, na bayanta su zube. Zuwa 842, da jikoki biyu na Sharlaman, sarkin Farankawa, suka ƙulla alkawari a Strasbourg, da bakin talakawa aka yi rantsuwar, don sojoji sun daina jin Latin.

Inda na fi tausaya maka shi ne wajen rubutu. Bayan an lamushe haruffan, sai malaman alƙalami suka ji kunya, suka dawo da wasu kan takarda don a san ku ma 'yan dangi ne. Yatsa a baki "dwa", a littafi doigt, wai albarkacin digitus na Latin. Haka ka sha bulalar mushe saboda haruffan da Bafaranshen kansa ba ya furtawa.

Ƙirga kuwa, Allah ya sawwaƙe. Casa'in da bakwai sai ka ce ashirin huɗu da goma da bakwai, alhali 'yan Beljiyam na cewa nonante-sept su wuce abinsu.

Tun 2025 ma gwamnatinku ta ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma na aiki. In ka shigo Katsina da salla, ka taho da kuɗin sharata, ka ƙirga min su da Hausa.