"Ba Haka Yake a Littafi Ba": Ire-iren Masoyan Jarumai Masu Alkyabba

A shekarar 1988 kamfanin DC, mai buga littattafan zane a Amurka, ya rasa yadda zai yi da Jason Todd, wato Robin na biyu, yaron Batman. Masu karatu da yawa sun tsani yaron, sun ce ya cika rawar kai, ga tsaurin ido. Sai kamfanin ya buga lambobin waya biyu a ƙarshen littafi: mai son a bar shi da rai ya kira wannan, mai son a gama da shi ya kira waccan, kowane kira santi 50. Da aka ƙidaya, kira 5,343 sun ce a kashe, 5,271 sun ce a yi masa rai. Da ratar 72 aka miƙa wa Joker ɗan mutane, ya jibge shi da ƙarfe, bam ya ƙarasa shi. Waɗanda suka biya kuɗinsu don a yi kisan su ne suka yi rububin sayen littafin mutuwar, su ne kuma suka yi ta shewa a 2005 da aka tono shi daga kabari aka ba shi sabon suna. To waɗannan bayin Allah su ake kira masoya.

Tun da aka fara kwaso jaruman nan daga takarda ana zuba su a talabijin, daga Superman na George Reeves a 1952 zuwa abin da Netflix da Disney+ da Prime Video ke juye wa duniya yau, jama'ar ta yi yawa, ta rabu gida-gida. Har a nan, inda ake zuwa shago a tura wa mutum zango guda a waya, ba a rasa su.

Babban yayansu shi ne Malam Ba-Haka-Yake-Ba. Kada Allah ya haɗa ka kallo da shi ranar da kake cikin nishaɗi. Ba za a yi minti biyar ba zai miƙa hannu ya tsayar da fim ɗin, ya juyo ya dube ka kamar kai ka rubuta labarin. "Ka ga rigar nan? Ja ce mai duhu. A littafi ja ce mai haske." Kafin ka ce komai ya zaro waya, ya buɗe hoton wani shafi na shekarar 1974, ya kara maka a hanci, yana ware shi da yatsu biyu don ka ga kalar takalmi. Kai kuwa bos na can riƙe da yarinya a saman bene, so kake ka ga ko za ta faɗo. Wannan mutum yana da dogon tarihi. Kakanninsa ne suka yi fushi a 1977 da aka mai da Bruce Banner ya koma David Banner a shirin Hulk. Iyayensa ne suka aika wa Warner Bros dubban wasiƙu a 1988 cewa Michael Keaton ɗan barkwanci ne, bai isa ya zama Batman ba, sannan fim ya fito suka koma suna cewa ba a taɓa yin kamarsa ba. Shi da kansa ya zauna shekara goma, daga 2001 zuwa 2011, yana kallon Smallville yana ƙorafin cewa Tom Welling ya ƙi saka kayan Superman, bai kuwa tsallake kashi ɗaya ba.

Maganinsa tambaya ɗaya ce: wane littafin? Superman na 1938 ba ya tashi sama, tsalle yake yi. Batman na farko-farko yana riƙe bindiga, yana kuma kisa. Hulk ruwan toka ne a fitowarsa ta farko a 1962, injin buga littafi ne ya kasa fitar da kalar daidai, aka mai da shi kore. Kryptonite ɗin da Malam yake rantsuwa da shi, a wasan rediyo aka fara jin sa a 1943, daga baya littafi ya aro. Harley Quinn kuwa 'yar talabijin ce gaba da baya, a katun ɗin Batman na 1992 aka haife ta. Idan ka jero masa waɗannan ba zai sallama ba, zai ce maka littafin gaskiya shi ne wanda ya fito lokacin da yake ɗan shekara goma sha biyu. Ba zai faɗa da wannan lafazin ba, amma in ka lissafa shekarun da yake kawo hujja da su, nan za ka tarar da shi.

Maƙwabcinsa Boka ne. Shi ba abin da aka nuna ne ya dame shi ba, abin da za a nuna ne. Kasuwarsa ta fi ci a farkon 2021, lokacin WandaVision, kashi tara da aka riƙa saki mako-mako jama'a na zaune a gida saboda korona. Boka ya rantse cewa Mephisto, shaiɗanin littattafan Marvel, shi ne ke bayan komai. Ƙwaro ya sauka a labule, Mephisto ne. Zomon maƙwabciya, Mephisto ne. Aka kawo Evan Peters, wanda ya fito a Quicksilver cikin finafinan X-Men, Boka ya daina barci, ya zana taswira da kibiyoyi, ya tabbatar cewa duniya biyu sun haɗe. Shiri ya ƙare, ashe mutumin wani ɗan unguwa ne mai suna Ralph da aka yi wa asiri, Mephisto kuwa ko ƙeyarsa ba a gani ba. Ka ɗauka zai ji kunya? Ina! Ya ce marubutan ne suka yi kuskure. Da Mephisto ya ɓullo a Ironheart a 2025, Boka ya bi mutane har gida yana cewa "ai na faɗa muku". Wanda ya yi shekara huɗu yana cewa gobe za a yi ruwa, dole wata rana damina ta same shi yana faɗa.

Marvel ta san irin waɗannan tun tuni. A shekarun 1960 Stan Lee ya ƙirƙiro musu kyauta ta musamman: duk wanda ya gano kuskure a labari, daga baya ma aka ce sai ya kawo bayanin da zai nuna ba kuskure ba ne, sai a aika masa ambulan mai rubutun taya murna, ciki babu komai. Mutane suka riƙa adana ambulan ɗin, wasu har suka rubuto cewa tasu kyautar ta faɗi a hanya.

Ɗan Tona Asiri ba shi da dogon bayani, sai dai addu'ar tsari. Ya kalla da asuba, kai kana jiran dare. "Ba zan gaya maka komai ba," in ji shi, "amma ka lura da baban nan sosai, kada ka saba da shi." Ƙanensa shi ne wanda ba ya bari a tashi sai sunayen masu ɗinki da masu dafa wa ma'aikata abinci sun gama wucewa, wai akwai wani ɗan guntun abu a ƙarshe. Minti bakwai na sunaye, daƙiƙa ashirin na wani mutum da ya juya baya a cikin duhu.

Sai Uwar Ɗaurin Aure, wadda sau da yawa ma namiji ce. Ana ruguza birni, jama'a na gudu, ita idonta na kan wa ya kalli wa. Shirin Arrow, wanda ya fara a 2012, shi ne filin dagarta. A littafi, matar Green Arrow ita ce Black Canary, har biki an yi a 2007. A talabijin kuwa aka kawo wata mai aikin kwamfuta, Felicity, da niyyar ta fito sau ɗaya ta tafi. Masu kallo suka ƙyalla ido suka ce wannan ce amaryar. Gida ya rabu biyu, dangin uwargida na littafi da dangin amarya ta talabijin, aka yi ta jifan juna da habaici shekara da shekaru. A 2016 marubuta suka kashe Laurel, wato Black Canary, a 2017 suka ɗaura auren Oliver, wato Green Arrow, da Felicity. Ɓangare ɗaya ya yi guɗa, ɗayan ya yi zaman makoki, kuma har yau in ka ambaci sunan ɗaya a gaban ɗayan ka tsokano tsuliyar dodo. Ni dai ban taɓa ganin dangin da suka tsaya wa aure haka ba, alhali ko goro ba a raba musu ba.

Mai Taska shi ne ya fi ba ni tausayi, domin shi kaɗai ne masoyin littafi da ba ya karanta littafi. Ya saya, ya saka a leda, ya tallafe da kwali, ya aika wa kamfanin CGC a duba a ba shi maki daga cikin 10, a rufe a gidan roba mai tauri wanda in ka fasa makin ya tashi. Ka kai hannu za ka taɓa, ya daka maka tsawa kamar ka nufi wuta. Mafarkinsa Action Comics na ɗaya, na 1938, wanda aka sayar santi 10, kuma a 2024 aka sayi kwafi guda a kan dala miliyan 6. Abin da ya manta shi ne dalilin tsadar. Yara sun karanta nasu har ya yayyage, iyaye mata sun share sun zubar, lokacin yaƙin duniya na biyu an tattara tsofaffin takardu an narke, sai 'yan kaɗan suka tsira. A 1992 da DC ta sanar za ta kashe Superman, masu taska suka yi dogon layi, kowa ya sayi biyar, goma, a cikin baƙar leda, ya ɓoye yana jiran arziki. Miliyoyi aka buga, kowa kuma ya adana nasa. Shekara ba ta zagayo ba Superman ya miƙe tsaf, ledoji na nan a ƙarƙashin gado. Su kuwa Jerry Siegel da Joe Shuster, samarin Cleveland da suka ƙirƙiro jarumin, dala 130 aka ba su suka sallama shi.

Akwai Ɗan Wa-Zai-Ci-Wa, wanda muhawararsa ba ta da maraba da ta gidan kallon ƙwallo bayan an tashi wasa: murya sama, jijiyar wuya a tashe, ba mai sauraron kowa. Hulk da Thor, wa zai ci? Batman in an ba shi mako guda ya shirya fa? Flash da Superman wa ya fi gudu? DC ta taɓa haɗa wannan tseren a 1967, ta kuma yi wayo aka tashi kunnen doki. Stan Lee ya taɓa amsa musu cewa wanda marubuci ya ga dama shi ke cin faɗa. Amsar ba ta yi musu daɗi ba, don haka suka ci gaba kamar bai yi magana ba.

Wanda ke ba ni tsoro shi ne Masoyin Homelander. The Boys, da ya fara a 2019, an yi shi ne don a yi wa jarumai masu alkyabba dariya, a nuna abin da zai faru in an ba mugu mai son yabo, wato Homelander, ƙarfin Superman. Wannan bawan Allah ya kalli zango uku, ya ga mutumin ya bar jirgi cike da fasinjoji ya faɗi, ya fito yana cewa shi fa namijin duniya ne, ya liƙa hotonsa a WhatsApp. Irinsa kar ka ba shi ajiyar makulli.

Mafi yawa a cikinsu kuwa shi ne Mai Rantsuwa. Kowane ƙarshen zango sai ya ɗaga hannu: "Wallahi na gama da shirin nan, sun lalata shi." The Flash ya yi zango tara, kashi 184, daga 2014 zuwa 2023. Mai Rantsuwa ya daina kallo tun zango na uku, a bakinsa. Ka tambaye shi abin da ya faru a na takwas, zai ba ka labari dalla-dalla, da sunan wanda ya ba da umarni, don ya nuna maka irin lalacewar da ta sa ya daina. Ranar da aka soke shirin kuma shi ne na gaba a zanga-zanga. Netflix ta rufe Daredevil a Nuwamban 2018, suka yi ta kururuwa har Charlie Cox, mai fitowa a Daredevil, ya dawo da shirinsa a Disney+ a 2025. Masu neman a saki Justice League irin na Zack Snyder har jirgin sama suka yi haya ya ja tuta a saman babban taron masoya na San Diego a 2019, suka sayi allon talla a Times Square, a 2021 aka ba su fim na awa huɗu. Kamfanoni sun daɗe da gane cewa mai zagin nan ba ya zuwa ko'ina. Wanda ya yi shiru shi ne ya tafi, mai kumfar baki kuwa kuɗinsa na wata-wata na shigowa a kan kari. Shi ne kuma za ka tarar a watan Yuli ya kwana a kan siminti a wurin taron nan na San Diego, sanye da sulken roba cikin zafi, yana jiran kujera ɗaya daga cikin 6,500 na zauren Hall H, don a nuna masa tallar minti biyu ta abin da zai zaga baɗi.

A can gefe akwai Sabon Shiga, wanda bai san komai ba kuma yake jin daɗin komai. Shi ne ke tambaya ko Batman na cikin Avengers, ɗaki ya yi tsit kamar an yi saɓo. Yana tafi in jarumi ya ci faɗa, yana jin tsoro in bos ya fito, ya yarda da gaske cewa wanda ya mutu ya mutu. Duk sauran suna raina shi, kuma duk shi suke wa hassada. Ba ya daɗewa a haka, wata shida ya isa Malam Ba-Haka-Yake-Ba ya ara masa littafi.

Mai karatu, in kana sha'awar shiga, ka fara da zangon farko na Daredevil na 2015, kashi 13 ne, akwai wani faɗa a lungun gida a kashi na biyu da ya isa kuɗin data. Ka kalla kai kaɗai, kuma in ka gama kada ka gaya wa kowa cewa ya yi maka daɗi.