Muzurun Kontagora da Hulunan Gizo

Ga ta nan, ga ta nanku.

A zamanin da kadoji suka fi jirage yawa a kogin Kwara, an yi wani Muzuru a Kontagora. Ba irin mai lasar tukunya a madafa ba, jinin sarauta ne. Ubansa ya baro ƙasar Sakkwato da doki da mashi, aka naɗa shi Sarkin Sudan a 1859, ya kafa garin a 1864. 'Yan Adam suna kiran uban Umaru Nagwamatse, ɗan kuma Ibrahim, wanda ya hau gado a 1880 bayan ɗan'uwansa Modibbo. Kada wani ya ce na raina basarake don na sa masa farata. Shi ya zaɓi wannan kama da bakinsa, za ku ji.

Da zarar kaka ta yi, ƙasa ta bushe har kofato ya samu wurin takawa, sai Muzuru ya sa a buga tambari. Ƙananan dabbobin da ke noma a ƙasashen Kambari da Dukawa da Kamuku da Gwari, su kusu da gafiya da kurege, sun san ma'anar wannan kiɗa. Mai sauri ya haye dutse, wanda aka cim masa a zura shi a igiya a kora kasuwa. Mai nuna hanyar maɓoyarsu kuwa Gizo ne, sanye da jar dara, yana tafe yana kirari da tsamin bakinsa: "Yanka ya daɗe, Saykin Sudan!"

Ana nan sai ga Balbelu sun biyo ruwa daga kudu. Da fari ciniki suka ce ya kawo su, suna sayen man kaɗanya da ƙaro. Ranar 1 ga Janairun 1900 suka kafa tuta a Lakwaja, babbansu Lugga ya ce daga yau ƙasar tana ƙarƙashin fiffikensu, ya je ya tare a Jebba. Ba su da yawa, sauro ma kaɗai ya ishe su. Dabararsu ita ce ɗaukar Hankaki, 'yan ƙasa, su ɗinka musu kaki, su koya musu tafiya sahu ɗaya, su damƙa musu wani bututun ƙarfe mai aman wuta ba numfashi.

A Janairun 1901 wata Balbela mai suna Kanar Kemball ta ja Hankaki zuwa Kontagora. Mahayan Muzuru suka fito da sulke da lifidi, suka yi sukuwa irin ta iyaye da kakanni. Bututu bai san kirari ba. Kafin rana ta faɗi gari ya watse, Muzuru ya yi arewa da sauran jama'arsa. Ba a jima ba Bida ma ta bi sahu.

A gidan wani bafade an bar wata baiwa, Kusu, da tsohon ciki, ba ta iya gudu. Daren Lahadi 31 ga Maris ta haihu, aka sa wa jaririyar Ladi. Bayan 'yan kwanaki sai ga Gizo da farar hular kwano irin ta Balbelu, ta rufe masa ido har sai ya ɗaga kai yake gani. Ya zama tafinta. Ya tsaya bakin kasuwa ya yi shela: an hana kamun bayi, an hana sayarwa, kuma duk ɗan da aka haifa daga 1 ga Afrilu ɗa ne, ba mai mallakarsa.

Kusu ta matso da goyonta. "Malam Gizo, tawa fa? Da asubar 1 ga Afrilun ma ba ta yi kwana ɗaya a duniya ba."

Gizo ya ƙirga da ƙafafunsa takwas, ya sake ƙirgawa. "Baiway Allah, kin yi gaggawa. Da kin yi haƙuyi zuwa safe."

Muzuru kuwa bai zauna ba. A ƙasar Zazzau ya ya da zango, ya ci gaba da sana'arsa, har Baunan Zazzau, wato Sarki Kwasau, ya gaji ya aika wa Balbelu su zo su raba shi da baƙo. Suka zo a 1902, suka kama Muzuru, suka tusa ƙeyarsa zuwa Lakwaja. Sai dai da suka shiga Zariya ba su fita ba, kuma ba a daɗe ba suka tuɓe shi kansa Baunan da ya kira su. An ce da aka nemi Muzuru ya tuba da farauta, sai ya tambaye su ko an taɓa hana kyanwa kamun ɓera, ya ƙara da cewa ranar da zai mutu da bawa a bakinsa za a same shi.

To, ga inda tatsuniyar ta karkace. Lugga ya rubuta wa Sakkwato a zaɓo wani a ba shi Kontagora, shiru. Ya duba littafinsa ya ga ƙasa mai faɗi, Balbelu 'yan ƙalilan, haraji kuma ba ya tara kansa. A 1903, shekarar da Kano da Sakkwato suka faɗi, sai ga Muzuru an dawo da shi. An rage masa ƙasa, an yanke masa farata, an ba shi sandar girma. Ƙananan dabbobi suka leƙo daga ramuka suna duban wanda aka ce an zo ceton su daga hannunsa, ga shi bisa karaga, Razdan na zaune gefensa. Ya zauna a kanta har 1929, ya rasu a gadonsa.

Gaskiya tambarin kaka ya yi shiru, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma uwar Ladi ta yi barci irin wanda ba ta taɓa yi ba. Amma wani kiɗan ya maye gurbinsa. Gizo ya sake hula, ya zama malamin haraji na En'e, da alƙalami a bayan kunne da ɗan doka a bayansa. Da can dawa ake ba sarki, yanzu sai sulalla, sulalla kuwa ba ta tsiro a gona. Aka kwashi majiya ƙarfi zuwa aikin hanyar jirgi wadda ta isa Kano a 1911. Ladi ta girma, ta yi aure, tana da shekara 35 kafin a soke bauta ɗungurungum a 1936. Da yaƙin Hitila ya zo, aka kai ɗanta guda haƙar kuza a Jos, ɗayan ya sa kaki ya tafi Bama. Na Jos ne bai dawo ba.

A can Zungeru, inda Lugga ya mai da hedikwatarsa, an ƙyanƙyashe wani Zakara a 1904, 'yan Adam suna ce masa Azikiwe. Ya je Amurka ya yi karatu, ya dawo yana cara a jaridu cewa gari ya waye, Balbelu su tattara. Daga Sakkwato Toron Giwa ya taso, Sardauna, daga Bauci kuma Barewa mai zaƙin murya, Abubakar Tafawa Ɓalewa. A zaɓen Disambar 1959 Gizo ya zo ƙauyen su Ladi a mota da lasifika. Huluna uku ya ƙunso a jaka, mai hoton fartanya, mai tauraro da mai zakara, yana duba fuskar dagaci kafin ya zaro wadda za ta hau kai. Ya yi alkawarin rijiya da asibiti.

Ladi ta ɗaura zanenta na fita ta bi layi. Da ta iso gaba Gizo ya tare ta. "Iya, ina zuwa? Mata ba sa jefa ƙuyi'a a Ayewa."

Ta koma gida ta ci gaba da surfe.

Ranar 1 ga Oktoban 1960 aka sauke tutar Balbelu, aka raba wa 'yan makaranta ƙananan tutoci kore da fari. Bayan shekara uku cif aka ce an zama jamhuriya, Sarauniyar Ingila ta cire hannu, Zakara ya zama shugaban ƙasa. Kujera ce mai kyau, sai dai makullin rumbu yana hannun Barewa a Ikko, kuma kowa ya san Barewa ba ya nisa da inuwar Giwa a Kaduna. Suka yi rigima kan ƙidayar dabbobi, kowane yanki na rantsuwa shi ya fi haihuwa. Suka yi rigima kan zaɓen Disambar 1964, har Zakara ya yi kwanaki ya ƙi kiran Barewa ya kafa gwamnati, daga baya ya kira shi. Duk wannan hayaniya jikokin Hankakin nan na farko suna bariki suna goge bututu, suna saurare.

Daren 15 ga Janairun 1966 wasu samarinsu suka fita atisayen da suka sa wa suna Damisa. Kafin asuba an kashe Giwa a gidansa a Kaduna, an ɗauke Barewa a Ikko, sai gawarsa aka tsinta a gefen hanya bayan kwanaki. Zakara yana ƙasar waje. Mulki ya faɗa hannun Kada, Janar Ironsi, wanda ya ce a rushe shingayen yankuna a zama garke ɗaya. Wata shida ya yi, a ƙarshen Yuli wasu Hankakin suka kashe shi a Badun.

A daminar nan Gizo ya shiga ɗaki ya zazzage jakarsa a tabarma: jar dara da asu ya ci, hular kwano, ta En'e, uku na siyasa. Ya ce wa matarsa, "Ƙoƙi, wacce ta yi kama da ta soja?"

Ƙoƙi ta ce, "Babu, Maigida."

"To, yina mini waccan da ganye."

Ta rina, ta shanya. Tun ba ta gama bushewa ba ya kifa ta a ka, koren ruwa na bin wuyansa, ya ɗauki littafin rasit ya nufi ƙauyen su Ladi. Jikarta ce ta hango shi daga kan rumbu ta sheƙo da gudu.

"Kaka, ga wani soja nan tafe!"

Ladi ta sa hannu ta kare rana, ta ƙura ido. "Ƙirga mini ƙafafunsa."

"Takwas, Kaka."

"Kai dawar nan ramin bayan ɗaki, ki bar kwano biyu a rumbu. Sannan ki shimfiɗa masa tabarma."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera.