Sarakunan Ruwa na Kan Tudu

Taubashina manomin albasa ne a fadamar Tarka, can wajen Madawa, kuma ni shaida ne cewa kafin bara bai taɓa shiga ruwan da ya wuce na rijiyar garkarsa ba. Sai tsautsayi ya haɗa shi da wani bidiyo a salula: ɗan ƙaramin jirgi yana tsala gudu cikin kogin da bai kai gwiwa ba, babu farfela, sai ruwa da yake fesowa ta baya. Ya kalla sau uku, ya juya ya dubi injin ban-ruwansa mai bakin inci uku, ya ce, "Ashe motopom ce anka ɗora wa kwano."

Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa. Bill Hamilton, wani mai kiwon tumaki a New Zealand, shi ya fito da irin wannan jirgi a 1954, don kogunan yankinsu duk tsakuwa ne, suna karya farfela. Famfo ne kawai: ya zuƙo ruwa ta ƙarƙashin jirgi, ya turo shi da ƙarfi ta siririn baki a baya, jirgi ya yi gaba. A 1960 irin jiragen nan suka haura kogin Colorado na Amurka suna saɓa wa ruwa. Taubashina dai burinsa bai kai can ba. Tabkin da damina ke bari a bayan gari yake so ya tsallaka, mutane suna kallo.

Mai walda ya haɗa masa kwanon, aka tsuke bakin tiyo, aka jefa shi ruwa wata safiyar Oktoba. Jirgi ya ɗaga hanci sama kamar raƙumin da aka hana kiwo, gindinsa ya nutse. Ko ina aka nufa da shi, hagu yake lanƙwasawa. Jim kaɗan injin ya shaƙi iska, ya kurma ihu, jirgi ya tsaya cik. Kafin hantsi ya dubi ludayi, bakin tabkin ya cika da masana, a ƙasar da kogi ke zuwa baƙunta wata uku ya tafi.

Wanda ya fara isowa Ɗan Abijan ne. Kowane gari na Adar yana da irinsa, tunda ci-rani gadonmu ne. Shekara tara ya yi yana sayar da agogo da tabarau, kuma ya sha shiga jirgin fasinja daga Tireshbil zuwa Filato da tikiti a hannu. Wannan tikitin shi ne takardar shaidarsa. Ya harɗe hannu a baya, ya zagaya, ya girgiza kai: "A Kwaddibuwa ba haka a kai ba." To yaya ake yi? Nan fa sai labarin faɗin lagun, da tsadar aceke, da wani ɗan sanda da ya taɓa sara masa. Allah ya kawo Ɗan Ikko, wanda ya ga manyan jiragen Apapa ta saman gada, suka kama gardamar wane teku ya fi gishiri. Muka samu lafiya.

Makanikin moto shi cuta ɗaya ya sani a duniya. "Buji ne." Jirgi yana karkata hagu? Buji ne. Ya kwance shi, ya hura, ya kankare da reza, ya mayar, ya karɓi jaka guda. Na tabbata da za a kai masa mace mai naƙuda, sai ya tambayi inda bujinta yake.

Wanda na fi jin daɗinsa shi ne Baba na zamanin Talyani. Mutumin Keita ne, ya yi aiki a babban aikin raya karkara da Italiya da FAO suka fara can a 1984, lokacin da aka bi tsaunukan Adar ana jera duwatsu, ana gina madatsai, ana dasa itatuwa miliyoyi, ana biyan mutane da abinci. Mata ne suka ɗauki yawancin duwatsun nan a ka, amma idan Baba yana ba da labari sai ka ɗauka shi kaɗai ya kwashe su. Tun daga wancan lokaci ya yi imani babu abin da dutse ba ya gyarawa. Ƙorama ta ci gona, dutse. Yaro ya ƙi lekol, saura kaɗan ya ce dutse. Da ya ga hancin jirgi a sama, ya ce, "Ɗiyana, a sa mai dutsi." Ni kuwa sai da gabana ya faɗi, don a karon farko wani ya kusanci gaskiya: nauyi ne ya taru a baya. Matsalar Baba ba ya sanin inda ake tsayawa. Yara suka yi ta miƙo duwatsu, yana jera su a tsanake, layi-layi, kamar mai tare zaizaya, har tsakanin bakin jirgi da ruwa bai fi yatsu huɗu ba. Hanci ya sauka kam. Jirgin ma gaba ɗaya ya kusa sauka. Abokinsa na Buza ya ce duk laifin iska ne, a dasa layin bedi a gabas da tabkin kamar yadda CARE ta yi a kwarin Maggiya tun 1975. Aka tambaye shi yaushe bedin zai girma, ya ce gaggawa aikin shaiɗan ce.

Mushe, tsohon malamin lekol, ya zana jirgin a ƙasa da tsinke, ya ja kibiya sama, ya ja ƙasa, ya kira sunan Arshimed sau bakwai cikin Faransanci. Ina kyautata zaton duk abin da ya faɗa daidai ne. Takalminsa dai bai taɓa laka ba.

Sai yaron salula, mai cewa a Dubai ana sayar da wasu faranti biyu da ake maƙalawa a gindin jirgi su danne hancinsa. Akwai su kuwa, ana sa wa jiragen da ke sukuwa in sun ɗauki gudu. Namu ko jaka mai ciki za ta wuce shi, kuma kuɗin farantan ya fi na jirgin da injin. Amma yaron ya faɗi abu ɗaya da ya kamata a ji: irin wannan jirgi da feshin ruwansa yake juyawa, in ka kashe wuta ka kashe sitiyari. Ba a ji ba, saboda yaro ne. Da la'asar taubashina ya ga ya nufi inda mata ke wanki, ya tsorata, ya rage wuta, ya murɗa sanda iya ƙarfinsa. Jirgi ya tafi salun-alun, ya shige tsakanin bokitai ya kafe a laka. Abin da wata gwaggo ta faɗa masa ba na mujalla ba ne.

A nan Mai-na-faɗa ya buɗe baki, ya ce ai ya faɗa. Tun safe yana zaune a gindin itace bai ce uffan ba. Kusa da shi akwai wanda ya rage murya ya ce ruwan nan yana da masu shi, ba a yi musu sallama ba.

Babbar matsala kuwa ta zo da babbar riga. Alhaji dillali, wanda ke sayen albasar taubashina tun tana ganye, ya ce sai an zagaya da shi. Babban mutum ba ya zama a gaba inda ruwa ke fantsama, don haka aka shimfiɗa masa darduma a baya, gefen hagu, kusa da injin da bidon esansi da matuƙi. Hancin jirgi ya koma kallon samaniya, muna ganin ƙarƙashinsa daga tudu. Duk masanan nan suka ga abin da na gani, kowa ya yi gum. Wa zai ce wa mai ba da bashin iri da taki shi ne lalurar? Makanike ya yi gyaran murya, ya ce buji ne.

Wani masunci ne ya raba gardamar, baƙo, daga Tabalak ya zo da busasshen kifi a bayan moto. Bai gaishe da ilimin kowa ba. Ya naɗe wando, ya shiga ruwa, ya laluba ƙarƙashin jirgi, ya zaro dunƙulen ciyawa da leda daga bakin zuƙo, ya sa a ɗaure masa ragar kaji, a ƙara nutsar da shi don ya daina shan iska. Ya auna bakin feshi da igiya daga kusurwa biyu, ashe mai walda ya karkatar da shi yatsa biyu. Ya zubar da duwatsun Baba ya bar uku a can hanci, ya tura bido gaba, ya ɗaura wa sandar tuƙi gora don matuƙi ya zauna tsakiya. Sannan ya dubi Alhaji ya ce, "Ranka shi daɗe, gaba wurin manya na. Ko a mota, mai ita gaba shika zama." Alhaji ya tattara rigarsa ya koma gaba yana murmushi.

Jirgi ya miƙe sambal, a hankali, ya je ya dawo. Baba ya nuna duwatsunsa uku. Mushe ya nuna kibiyarsa. Makanike ya nemi cikon kuɗi. Masunci ya sayar da kifinsa ya hau moto.

Sati uku aka yi ana shan iska, Nuwamba ta kama, irin albasa ya nemi ruwa, aka kwance injin aka mayar da shi bakin rijiya. Tabkin ma bai kai tsakiyar rani ba. Yanzu jirgin yana bayan gidan taubashina, awaki na shan ruwa a ciki. Rannan na tarar da Ɗan Abijan a tsaye kansa, hannu a baya, yana cewa ya karkata hagu.