Zuwa ga Malam Direban Katin Wi-Fi



Bayan gaisuwa da fatan kana nan lafiya, ko da yake gane ko kana nan ɗin ma wani aiki ne. Na rubuto ne a madadin masu kwamfuta da ka sa suka zagi waɗanda ba su ji ba, ba su gani ba.

Aikinka ɗaya ne, tafinta. Windows ta yi magana, ka juya wa katin Wi-Fi da yarensa, katin ya amsa, ka dawo da amsar. Amma ranar da ka yi yaji, alamar Wi-Fi takan yi ɓatan dabo daga ƙasan allo. Sai a hau kamfanin layi da tsinuwa, a kashe rauta a kunna, wani ma ya ƙara sayen data alhali tasa ba ta ƙare ba. Kai kuwa ka yi lamo. Da mutane sun san cewa in waya ta hau Wi-Fi ɗin nan lafiya lau amma kwamfuta ta ƙi, galibi ɓarnar tana cikin kwamfutar, da asirinka ya daɗe da tonuwa.

To, mun gano maɓoyarka. Muna buɗe Device Manager, mu gangara zuwa Network adapters, sai ga ka can da ɗan alwatika ruwan ɗorawa a goshi. Nan ma ba ka magana sai da lamba. In ka ce 10, katin ya ƙi tashi. In ka ce 43, katin ya kai ƙara an dakatar da shi. Ita 22 wani ne ya kashe katin da hannunsa, wannan na yafe maka. Mai ciwon ita ce 28, wato ba a ma ɗora ka ba, abin da kan biyo bayan an wanke kwamfuta an sa mata sabuwar Windows.

A nan ne, Malam, nake son ka amsa mini tsakaninka da Allah. Ba ka nan, saboda haka babu intanet. Shawarar da ake ba mu kuma ita ce a nemo ka a intanet. Da wanne? Dole mutum ya jona wayarsa da kebul ya ari intanet ɗinta, ko ya je kwamfutar maƙwabci ya ɗauko ka a filash. Ko sunanka ba ka bari, sai dai a ga wani abu wai shi Network Controller. Sai an shiga Details, an zaɓi Hardware Ids, an karanta abin da ya biyo bayan VEN: 8086 na Intel ne, 10EC na Realtek, 14E4 na Broadcom. Mutum ya zo aika takardar neman aiki, ka mayar da shi ɗan sandan ciki.

Wani lokacin kuma sabuntawa ce ba ta karɓe ka ba. Jiya lafiya, yau an kawo sabonka, ka rikice. Sai mu danna Roll Back Driver tsohon ya dawo, in an yi sa'a bai tafi ba. Ga barci: kwamfuta ta farka, kai kana minshari, har sai an shiga Power Management an hana a riƙa kashe katin don tattalin batir.

Ba zan zalunce ka ba dai. In ipconfig ta nuna adireshi mai farawa da 169.254, kwamfuta ce ba ta samu adireshi daga rauta ba, a fara bincike can. Wani yatsansa ne ya taɓa maɓallin jirgin sama. Wani katin ne ya mutu murus, ko sau goma aka ɗora ka ba zai tashi ba.

Mu dai mun ɗauki mataki. Daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar za mu riƙa ɗauko ka, ba wurin manhajojin nan masu alkawarin gyara komai da dannawa ɗaya ba, kuma za mu ajiye kwafinka a filash tun kafin a wanke kwamfuta. Kai kuma, don Allah, in za ka yi yaji, ka faɗa da baki. Lambobin nan sun ishe mu.

Naka,
Wani mai kwamfuta