Ƙa'idojin Bin Ayarin Abzin ga Mutumin Dutse Mai Sha'awar Wahala

Daga cikin nau'o'in yawon buɗe ido da suka yi tashe a wannan zamani akwai wanda mutum yake biyan maƙudan kuɗi domin a sa shi gaba, a ƙafa, a ratsa da shi duwatsu masu nisa da gari har tsawon watanni, alhali ba fatauci ya kai shi ba, ba kuma neman ilimi ko sauke farali ba. Mafi tsawon irin waɗannan hanyoyi a ƙasar Nefal ita ce wadda ta bi ƙashin bayan duwatsun Himalaya, mai tsawon kimanin kilomita 1,700, wadda akan ci cikin kwana 150 ko abin da ya yi kusa da haka, ana haye mashigai da wasunsu suka zarce mita 6,000 bisa doron teku. Mashigi a nan shi ne wurin da tsauni ya ɗan rusuna tsakanin ƙololuwa biyu har mutum da dabba suka samu hanyar ƙetarawa. Mazaunin Dutse da wannan sha'awa ta kama bai kamata ya sayar da gonar gado don kuɗin jirgi ba, domin a arewa da shi akwai tafiya wadda ta girmi waccan, ta kuma fi ta araha ba tare da ta rage komai daga wahalar ba, wato ayarin gishirin Abzinawa, wanda yake zagayawa tsakanin duwatsun Abzin da Bilma da ƙasar Hausa.

Abin da ya wajaba ga mai niyya tun farko shi ne ya warkar da kansa daga wani ruɗu da ya yi katutu a zukatan mutanen wannan yanki, wato zaton cewa wanda aka haifa a garin da sunansa Dutse ya riga ya gama sanin dutse. Gaskiya ne fadar Sarki a Garu tana zaune ne a tsakiyar manyan duwatsu, kuma gaskiya ne a Birnin Kudu akwai kogunan Dutsen Mesa da Dutsen Habude masu ɗauke da zanen mutanen da, amma duk waɗannan tsaunuka ne da yaro yakan hau bayan la'asar ya sauko kafin a kira magariba. Ƙololuwar Bagzan, wadda ta fi ko'ina tsawo a Abzin da ma ƙasar Nijar baki ɗaya, tana da mita 2,022. Akwai kuma wani bayani na likitanci da ya kamata a sani tun daga gida, domin yana rufe wata ƙofa ta uzuri. Ciwon tsauni, wato ciwon kai da tashin zuciya da kasala da ke kama mutum saboda ƙarancin iskar shaƙa a wurare masu tudu, yakan fara bayyana ne daga wajen mita 2,500, shi ya sa a Himalaya ake hana wanda ya wuce mita 3,000 ya ƙara fiye da mita 500 a kan makwancinsa na jiya. To, ko Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda babu tsaunin da ya kai shi a Nijeriya, mita 2,419 ne kawai. Ma'anar wannan ita ce duk nishi da jiri da matafiyi zai yi a hawan Bagzan ba su da wata madogara a littattafan likita, kuma abokan tafiya za su jingina su ga tumbi da yawan zama a kan kujera.

Lissafin lokaci shi ne matsala ta biyu. Abzinawa, musamman Kel Ewe na yankin Timiya, sukan tashi zuwa Bilma bayan ɗaukewar damina, wajen watan Oktoba, su dawo gida da gishiri da dabino, su ɗan huta, sannan su gangaro kudu ta Damargu da Damagaram har ƙasar Kano da kan iyakar Jigawa, inda suke cin rani suna musayar gishiri da gero, raƙumansu na kiwo a gonakin da aka girbe suna biyan mai gona da taki. Sai bazara ta kawo jiki suke juyawa arewa. Mutumin Dutse, saboda haka, zai nemi ayari ne a lokacin komawarsa, kuma babu inda ya fi dacewa da fara cigiya kamar kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, inda raƙuma da masu su suke haɗuwa. Zai yi damina a cikin duwatsu, ya shiga hamada da kaka, ya dawo gida cikin hunturu, jimla fiye da rabin shekara. Ma'aikacin gwamnati da hutunsa na shekara bai wuce kwana 30 ba yana bukatar ya yi wa wannan giɓi tanadi, kuma ba a ba da shawarar ya rubuta takardar neman izinin zuwa jana'izar kaka ba, tunda babu kakar da ake wata takwas ana zaman makokinta. Haka nan ya tuna cewa kan iyaka yana da nasa yanayin, kamar yadda aka gani lokacin da aka rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023, ba a buɗe ta daga ɓangaren Nijeriya ba sai a watan Maris na 2024, kuma sha'anin tsaro a arewacin Agadas ba abin da ake yi wa wasa ba ne ko a cikin rubutun raha.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a fita a biya bashin mai shago, a sauke zubin adashi, a ajiye wa uwargida hatsi da kuɗin cefane, a kuma rubuta wasiyya a gaban shaidu biyu, wadda za ta kwantar da hankalin magada ko da ba ta kwantar da na matafiyin ba.

Ginshiƙin al'amarin duka shi ne madugu, wato shugaban ayari, wanda yake yanke lokacin tashi da wurin zango da rabon ruwa, kuma a cikin hamada shi ne mai riƙe hanya da rana da inuwa da taurari da yanayin yashi. A ayarin fataken Hausa da ke zuwa Gwanja sayen goro, madugu yana da jagaba mai shiga gaba da uban dawaki mai kula da biyan kuɗin fito ga sarakunan hanya, amma a ayarin gishiri yawancin nauyin yana wuyan mutum ɗaya. Ladabin zama da shi ba shi da yawa, sai dai yana da wuyar kiyayewa ga ɗan boko. Ana gaishe shi da safe a ce, "Ranka ya daɗe, madugu uban tafiya, an tashi lafiya?" sannan a ja baki a yi shiru. Ba a tambayarsa saura kilomita nawa, domin ba da kilomita yake awo ba, kuma duk amsar da zai bayar "mun yi kusa" ce, wadda ke iya nufin sa'a biyu ko kwana uku. Ba a nuna masa taswirar wayar hannu, wadda ko ta yi gaskiya cajinta zai ƙare tun kafin a bar Damargu. Abin da ya fi kowanne muni shi ne matafiyi ya ware shi kaɗai domin ya ga wani abin sha'awa, kuma a kan wannan akwai darasi rubutacce. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawonsa da sunan Abdulkarim, ya taso daga Tarabulus a 1850 tare da James Richardson da Adolf Overweg, kuma a watan Yulin shekarar, kusa da garin Gat, ya ƙudurta hawan dutsen Idinen, wanda mutanen wurin suka gargaɗe shi cewa gidan aljanu ne suka kuma ƙi raka shi. Ya tafi da ɗan ruwa kaɗan, ya hau, bai samu abin da ya je nema ba, ya ɓata a hanyar dawowa, ƙishirwa ta kai shi ga yanka jijiyar hannunsa yana tsotsar jininsa, har sai da wani daga cikin mutanen hamadar ya bi sawunsa ya tsinto shi a gindin itace. Masana na iya saɓawa a kan ko aljanu ne suka ɓatar da shi ko taurin kai, amma sakamakon bai bambanta ba. Abin lura shi ne daga baya ya yi hankali, ya bi ayarin gishiri sau da ƙafa daga Abzin zuwa kudu, ya shiga Kano a watan Fabrairun 1851, ya wuce ta Gumel a kan hanyarsa ta zuwa Kukawa. Hukumomin Nefal ba su kai ga wajabta wa baƙi ɗaukar ɗan jagora a yawancin hanyoyinsu ba sai a 2023, wato sun yi shekara 173 kafin su cimma abin da Barth ya fahimta a yini ɗaya da kwana ɗaya.

Game da kaya, ƙa'idar ita ce duk abin da matafiyi yake jin ba zai rayu ba sai da shi, raƙumi yana da ra'ayi dabam. Wurin da ke bayan amale, wato babban raƙumin kaya, na ciyawa ne da gero da salka, wadda ita ce jakar fatar akuya da ake zuba ruwa, kuma ruwan salka yana da ɗanɗano da launi da ba a so baƙo ya yi sharhi a kansu. Rawani wajibi ne saboda rana da ƙura, bargo wajibi ne saboda sanyin tsauni da na hamada da dare, man kaɗanya kuwa saboda faso. Babbar riga mai aiki da takalmi sau-ciki da turare a bar su a gida. Abincin rana na ayari shi ne garin gero da aka daka da dabino da cuku a dama da ruwa, ɗan uwan fura ne na jini, sai shayi mai kauri da ake dafawa ana tafe. Mutumin Dutse zai so ya yi guzurin dabinon garinsu, yana mai tinƙaho da cewa har reshen cibiyar binciken dabino ake da shi a can, amma ya sani cewa ɗaukar dabino zuwa Fashi da Bilma kai kaya ne inda ake saro su.

Zaman damina a Abzin shi ne ɓangaren da ya fi kama da abin da masu yawon buɗe ido suke biya. Ana hawa Bagzan ta matsattsun hanyoyi masu tsakuwa da duwatsu masu santsi, inda jaki yake nuna fifikonsa a kan ma'abota digiri, a samansa kuma akwai ƙauyuka da lambuna. A Timiya akwai lemo da rumman da wani ruwa mai gangarowa daga dutse. Wani yanki na Abzin da hamadar Tenere ya shiga jerin wuraren gadon duniya na UNESCO a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Jigawa, don haka matafiyi yana iya ɗaukarsa a matsayin tsarar jiharsa. Kada dai ya kafa shimfiɗarsa a cikin busasshen kwari don laushin yashinsa, domin ruwan da aka yi a kan tsauni mai nisa yakan iso da dare ba tare da sallama ba.

Tenere ce jarrabawar gaske, ko da yake babu hawan tsauni a cikinta. Tsakanin gindin duwatsun Abzin da Bilma akwai ɗaruruwan kilomitoci na yashi, babu kiwo, babu mazauni sai Fashi, saboda haka ayari yakan ɗauki dammunan ciyawa, ya ajiye wasu a hanya don dawowa, ya yi ta tafiya tun safe har dare ya raba ba tare da an sauke kaya ba. Wanda ya tsaya gyara takalmi zai bi sahu da gudu. Faransawa sun ba da rahoton cewa ayarin 1906 ya kai raƙuma 20,000, na yanzu kuwa ƙanana ne, tunda manyan motoci sun karɓe kaso mai yawa na dakon. Mai neman inuwa ya sani cewa a da akwai wata itaciya guda tilo da ta yi suna a wannan hanya, ita kaɗai a faɗin ɗaruruwan kilomitoci, wadda wani direban babbar mota ya samu ikon bankewa a 1973, abin da ya isa hujja cewa faɗin hanya bai taɓa hana haɗari ba. Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai, a gurbinta kuma an kafa ta ƙarfe, wadda ba ta da inuwar kirki.

A Bilma ana samun gishiri iri biyu, beza mai tsabta wanda ake ci, da kantu, wanda ake cuɗawa da ƙasa a zuba a mazubi ya fito dogo mai faɗin gindi, nauyinsa wajen kilo 20, kuma na lasar dabbobi ne. Bambance su yana da muhimmanci ga zaman lafiyar gida, domin mutumin da ya yi wata takwas ba ya nan, ya dawo baƙi wuluk ya rame, sannan ya miƙa wa uwargida gishirin shanu a matsayin tsaraba, ba zai samu mai tsaya masa ba ko a cikin danginsa. Kada kuma ya je kasuwar Shuwarin a makon dawowarsa, don kada ya tarar da irin dabinon da ya sha wahalar ɗaukowa an jibge shi buhu-buhu, mota ta kawo.

Saura ladabin ba da labari, wanda shi ne ribar tafiyar kaɗai da ba ta lalacewa. Al'ada ta yarda matafiyi ya ƙara kwana biyu ko uku a kan kwanakin ƙishirwa, ya kuma mayar da dila kura, matuƙar a majalisar abokan aiki ne ko wurin mai shayi. Sai dai kafin ya fara ya waiga ya ga ko akwai mai rawani a kusa. Tun bayan farin 1973 da na 1984, waɗanda suka hallaka dabbobi masu yawa a arewacin Nijar, Abzinawa da dama suka shigo garuruwan Nijeriya suna aikin gadi, kuma ba abin mamaki ba ne dattijon da ke zaune a bakin ƙofar ma'aikata yana hura gawayin shayi ya kasance ya ratsa Tenere tun yana yaro yana jan akala, ya san sunan kowace rijiya da za a ambata da zurfinta, ya kuma san wadda ta ƙafe tun kafin a haifi mai labarin.