Garin da Magariba Ba Ta Zuwa

Da taro ya ƙare a birnin Bodø na ƙasar Norway, na kira uwargida na ce mata zan leƙa wani ƙauye kafin in dawo. Ta ce wane ƙauye. Na ce, "O."

"Oho kake ce mini, Alhaji?"

Na rantse mata sunan garin ke nan. Harafi ɗaya tal, Å, wato A mai ɗan zobe a ka kamar ta kafa hula, amma a baki "O" ake cewa, a ɗan ja. Ta ce to, Allah ya kai ni Oho lafiya, ta kashe waya.

Å yana can ƙuryar tsibiran Lofoten, inda titin E10 ya ƙare, babu gaba sai dutse da teku. Daga Bodø jirgin ruwa ake shiga zuwa Moskenes, tafiyar awa uku da ɗoriya a kan Vestfjorden. Ni kuwa babban ruwan da na sani shi ne dam ɗin Tiga, shi ma daga bakin gaɓa muke gaisawa. Awa ta farko ina ɗaukar hoto. Sauran biyun ina rungume da leda, babbar rigata ta samu rabonta. Wata tsohuwa a gefena tana ta saƙar safa, ko gezau.

Kafin in ga garin, warinsa ya tarbe ni. Farkon Yuni ne, ko'ina rumfunan katako dogaye, kifi na reto a jikinsu bibbiyu, an ɗaure su ta wutsiya. Wannan kifi, skrei suke ce masa, daga tekun Barents yake gangarowa da hunturu don ya zuba ƙwai, masunta su tare shi. Tun wajen Fabrairu ake rataye shi, ba gishiri, ba hayaƙi, iska da sanyi kawai, har ya koma itace. Na tsaya ina shaƙa, ina cewa ni fa na san wannan wari. Can ya faɗo mini: layin masu kifi a kasuwar Sabon Gari, inda nake toshe hanci in ƙara sauri.

Mai masaukina, wani dattijo mai tsadar magana, ya tambaye ni daga ina. Da na ce Najeriya sai fuskarsa ta washe. Ya ja ni bayan gida ya nuna mini wata rumfa da babu komai a kanta sai kawunan kifi, dubbai, an shirya su a igiya, baki buɗe, kamar duk sun ji labarin mutuwarsu yanzu. Ya ce duk namu ne. Gangar jikin mai kyau Italiya take tafiya, kawunan kuma Najeriya. Ashe okporokon da maƙwabtanmu Ibo ke zubawa a miya, nan ne mahaifarsa. Na leƙa bakin wani kai na ga babu harshe. Ya ce ai wannan aikin yaran gari ne, su suke yanke harsunan su sayar, a soya. Wato Italiyawa tsoka, yara harshe, mu kuma abin da ya rage. Na ji haushi kaɗan, amma da na ga yadda yake kallona kamar jakadan manyan kwastomomi, sai na gyara tsayuwa na jinjina kai kamar mai duba kaya.

Masaukin ɗakin masunta ne na katako, ja, a kan turaku bisa ruwa, rorbu suke kiransa. Na wanke babbar riga na shanya a igiya, na yi La'asar, na ce bari in ɗan kishingiɗa, in an yi Magariba sai in fita neman abinci.

Na farka gari tarwai. Agogo ya ce ƙarfe goma sha ɗaya, na ce tafiya ce ta rikita shi. Na yi alwala na zauna kan darduma ina jiran rana ta faɗi. Ta laɓe bayan dutse dai, amma sama na nan kamar la'asar sakaliya. Na ja carbi har yatsuna suka gaji. Na duba manhajar lokutan salla a waya, wurin Magariba babu komai, wurin Asuba ma haka. Nan fa gabana ya faɗi, na kira malaminmu a Kano, ashe na tashe shi daga barci.

"Allah gafarta Malam, rana ta ƙi faɗuwa."

Ya yi shiru. Sannan a hankali ya ce, "Ta ina ta fito?"

Na ce ai ba ta tafi ba, balle ta fito. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce in dai ba ta yamma ta ɓullo ba da sauran kwana, in ƙaddara lokaci in biya bashin da ke kaina, in bar shi ya kwanta. Daga baya na ji cewa daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli haka abin yake a nan, kuma Musulmin arewacin ƙasar da yawa lokacin Makka suke bi.

Salla ta samu, saura ciki. Na fita tsakar dare, ga haske kamar a yi sharar tsakar gida, amma kowace ƙofa a rufe. Ba mai shayi, ba mai tsire, ba ko mai gyaɗa. Tsuntsayen teku ne kaɗai ke ihu daga sheƙunansu a jikin gine-gine. Na dawo na tarar da busasshen kifin da dattijo ya ba ni kyauta, dogo kamar taɓarya. Na yi bismilla na kai masa cizo. Abin da na ji ya ratsa har ƙeya. Na tsoma shi a shayi, shayin ya lalace, kifin yana nan. Na buga shi a tebur, teburin ne ya yi ƙara. Na sake gwada ɗaya gefen bakin, don kada a ce ban yi adalci ba.

Da safe, ko dai abin da agogo ya ce safiya ce, dattijo ya ga ina dafe da kunci. Bai yi dariya ba, sai kafaɗunsa ke motsi. Ya ɗauko nasa kifin da guduma, ya jibge shi a kan dutse har ya yi laushi, ya yago tsokar ya miƙo mini. In dafawa za a yi, ya ce, sai ya yi kamar mako guda a ruwa. Gaskiya da daɗi, ko kuma yunwa ce.

Washegari na je Reine na gwada hawa dutsen Reinebringen, wanda 'yan Sherpa daga Nepal suka yi wa matakala ta dutse, taki sama da 1,500. Da takalmi sau-ciki na je. Na ƙirga ɗari biyu na ga hoton da ke cikin waya ma ya isa.

Babbar riga kuwa kwana biyu ta yi tana shan iskar rumfunan nan. A jirgin dawowa layin kujeru guda aka bar mini ni kaɗai. Da na iso gida uwargida ta buɗe jaka, ta rufe, ta ce daga Oho nake ko daga Sabon Gari. Kifin ta aika wa maƙwabciyarmu 'yar Ibo. Ba a jima ba matar ta shigo da murna tana godiya, ta ce irin wannan mai kyau sai gidan manya. Sai ta juya shi ta nuna mini sawun haƙora biyu a gefe, ta tambaye ni ko a Norway ma akwai ɓera.