Idan Injin Jirgi Ya Yi Fushi a Bakin Binuwai

Ɗan fito a Jimeta yana da abokan gaba uku: yashin rani, ambaliyar damina, da injin da ya ƙi tashi bayan jirgi ya cika da fasinja. Biyun farko sai haƙuri da addu'a. Na ukun kuwa yana da magani, kuma sau da yawa maganin bai kai kuɗin farantin shinkafa ba.

Injin nan Yamaha Enduro, mai ƙarfin doki 15 ko 40, da ake ɗaurawa a gindin kwale-kwale tun daga Numan har Garwa ta Kamaru, suruki ne. Ba a faɗa masa da buƙata kai tsaye, sai an bi gaisuwa daki-daki. Abu uku yake so a tambayi lafiyarsu: mai, wuta da iska. Ga yadda ake bi.

1. Saki igiyar nan tukuna

Ka ja sau huɗu bai amsa ba, to dakata. Ja na ashirin kafaɗarka kawai zai tayar. A nan ne masana za su fito daga cikin jirgi. Bappa mai buhun masara zai ce mutanen ruwa ne suka riƙe shi, Adda mai ƙwaryar nono za ta ce jirgin Hamma wane bai taɓa yin haka ba. Ka ce, "To Bappa, Allah ya ƙara girma," ka juya kan aikinka.

2. Fara da abin da ake jin kunyar faɗa

Jar igiyar nan ta kashe inji, wadda direba ke ɗaurawa a hannu, makullinta yana zaune a wurinsa? In ya zame, wuta ba za ta je fulogi ba ko za a kwana ana ja. Sai giya: in igiyar tayarwa ta cije ta ƙi janyuwa, galibi injin yana cikin giya ne. Mayar da shi firi, ka yi kamar dama ka sani.

3. Gaishe da tanki

Ɗaga shi ka ji nauyinsa, domin tanki ba ya cika da kyakkyawan zato. Kwance 'yar ƙusar da ke kan murfi don iska ta shiga, in ba haka ba mai ba zai sauka ba. Matsa robar famfo da ke tsakiyar tiyo har ta yi tauri, ka tabbata kibiyar da ke jikinta tana kallon inji. In ta ƙi tauri, tiyo ya tsage ko bakinsa bai zauna ba, iska injin ke zuƙa a madadin fetur. Ka duba kuma ko wani bawan Allah ya aza buhu a kan tiyon.

4. Wane mai ka ba shi?

Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, kowace lita ta zama abin lallaɓawa, kuma galan ɗin ɗan bumburutu yana kiran mutum da murmushi. Araha ba ta ado. Zuba kaɗan a farar kwalba ka ajiye: in da ruwa, za ka gan shi ya kwanta a ƙasa, fetur a sama. A zubar da na cikin matatar mai, a wanke ta. Inji irin wannan kuma ba ya shan fetur gaya, sai an gauraya da man tu-ti. Awon da aka saba shi ne kashi 1 cikin 50, wato rabin lita a tanki mai lita 25, sai dai in jikin injinka ya faɗi wani awon. Ka rage, fistin ya ƙone. Ka cika, hayaki ya kori fasinja, fulogi ya yi baƙi. Man da aka gauraya ya yi watanni a ajiye kuwa ya tashi daga aiki.

5. Cok ba alewa ba ne

Da sanyin safiyar hunturu ana jan cok, da ya amsa a mayar. In injin da ɗuminsa, ƙyale cok ɗin. Ka ji warin fetur ya turnuƙe, to ya ƙoshi har ya shaƙe. Tura cok ciki, ɗan buɗe totur, ka ja igiya ya fitar da abin da ya yi masa yawa.

6. Leƙa fulogi

Kwance shi. Jiƙaƙƙe ne ko ya yi baƙin kunkunniya, a goge a busar. Mayar masa da hularsa, jingina ƙarfensa a jikin inji nesa da raminsa da duk wani ɗigon fetur, a ja igiya. Shuɗin tartsatsi shi ne lafiya lau. Kada ka riƙe shi da jiƙaƙƙen hannu, in ba rawa kake son yi wa jama'a kyauta ba. Sabon fulogi da sufanarsa su zauna kullum a leda a cikin jirgi.

7. San inda iyawarka ta tsaya

Akwai mai, akwai wuta, har yanzu shiru? Kwance ƙusar ƙasan kafireta ka tsiyaye ruwa da datti. In bai yi ba, ko igiya tana zuwa sakayau babu nauyi, ciwon yana ciki, aikin makaniki ne. Kada ka warware kafireta a kan ruwa. Binuwai bai taɓa mayar wa kowa da noti ba.

8. Ya tashi? Dubi fitsarinsa

Siririn ruwan nan da yake fesowa ta baya shi ne shaidar yana sanyaya kansa. In babu, kashe shi nan take, ka zura siririyar waya a ramin, ka share kafar shan ruwa da ke ƙasa. Da rani, lokacin da yashi ke fitowa tsibiri-tsibiri a ƙasan gadar Jimeta, shi ke toshe ta ya cinye robar famfon ruwa. Robar nan ita ce dalilin da ba a tayar da inji a tudu. Ka duba farfela ma, domin ragar masunta da leda suna son naɗe ta.

Duk wannan gaisuwa gara a yi ta a gaɓa, kafin fasinja na farko ya sa ƙafa. Mutanen Jimeta da Fufore da Numan sun ga abin da kogin nan ya yi a 2012 da 2022, lokacin da ruwan sama ya haɗu da wanda aka sako daga madatsar Lagdo. Injin da ya mutu a tsakiyar ruwa a watan Satumba ya fita daga sahun abin dariya. Don haka filafili biyu da igiya su kasance a jirgi, kowane fasinja ya sa rigar ruwa, kada a yi lodin da ya wuce ƙima, kada a tsallaka cikin dare. Mai gaggawar kasuwa zai yi ƙunƙuni na minti goma, ka bar shi ya yi. Matarsa da 'ya'yansa sun fi son ya dawo a makare.